Wutsiyar Duna

Ruwan da aka yi a Gawon Dabo ranar Laraba shi ne wanda kowa yake jira. Gero an riga an shuka tun ruwan fari, har ya yi kunne. Gonakin gyaɗa da na wake kuwa suna nan kwance suna jiran huɗa, kuma a unguwar gabas duk wanda ya ce huɗa, Sada yake nufi.

Shanun huɗa biyu gare shi, Jatau da Duna. Tun suna maruƙa ya kora su da ƙafa daga kasuwar Mai'aduwa, shi ya koya musu karkiya, shi ya koya musu garma. Jatau ja ne mai zafin nama, yana tsayawa a dama. Duna baƙi ne wuluk, mai sanyin hali, wurinsa hagu. Matarsa Lami takan ce da a ce shanu suna shiga ɗaki, da tuni an fitar da ita da kayanta. Sada ba ya musu, murmushi kawai yake yi ya ci gaba da dama musu dusa da kanwa.

Da safiyar Alhamis ya kwance su daga turke, ya saɓa karkiya a kafaɗa, don garma tana can gona tun jiya. Hanyar ta bi ta bayan tsohuwar garka, inda akwai wata rijiya mai faɗin baki da makiyaya suke shayar da dabbobi a da. Tun da aka kawo famfon tuƙa-tuƙa aka daina ɗibanta, ta ƙafe, aka jera mata itace da kara aka bi da ƙasa. Shekaru suka wuce, mutane suka manta da ita. Ciyawar da ta fito a kanta kuwa ta fi ta ko'ina kore.

Duna ya ratse don ya ɗan yagi ciyawar nan. Sada ya buɗe baki zai kira shi ke nan, ya ji ƙarar itace ya karye. Ƙasa ta buɗe, Duna ya tafi da baya, ƙahoninsa ne ƙarshen abin da Sada ya gani.

Ya jefar da karkiya ya ruga, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin. Rijiyar ba ta da zurfi can, ba ta kai gaba huɗu ba, kuma ruwan jiya ya mai da gindinta laka. Duna yana can a durƙushe, laka ta kai masa ƙirji, wuyansa ya lanƙwashe jikin bango, hancinsa saura kaɗan ya nutse. Yana huci, kowane huci sai laka ta yi ƙwai a gaban hancinsa.

"Duna," in ji Sada a hankali. "Ga ni nan."

San ya motsa kunne.

Kafin hantsi ya ɗaga, garin duk ya hallara a bayan garka. Aka kawo igiyoyin guga, aka yi zarge aka jefa a ƙahoni, majiya ƙarfi suka kama suka ja. Duna ya yi wani irin gurnani da Sada bai taɓa ji ba, jikinsa ko motsi bai yi ba, wuyan ne kawai yake miƙewa.

"Ku saki," in ji Sada. "Don Allah ku saki, za ku tsinke masa wuya."

Suka saki. 

Harisu, shugaban ƙungiyar matasan garin, shi ne ya tuna da 'yan kwana-kwana. Bara da kaka, bayan gobarar da ta ci rumbuna a unguwar yamma, sun zo sun tara mutane a ƙofar gidan Maigari sun yi musu bayani, suka bar lambar waya a hannunsa. Ya ce a ranar ya ji da kunnensa sun ce ba wuta kaɗai ce aikinsu ba, har wanda ya faɗa rijiya ko kududdufi, mutum ko dabba.

"Saboda sa ɗaya za su taso mota tun daga Daura?" in ji wani dattijo.

"Baba, bari dai in gwada."

Ya hau kan tudun kuka, don nan ne kawai waya take kamawa sosai. Da ya dawo ya ce sun amsa, suna tafe. Sun ce kada a ƙara ja da ƙaho. Sai dai daga kwalta zuwa gari rairayi ne, ga rafi ya kawo ruwa, ba wanda zai iya cewa ga lokacin da za su iso.

Ana cikin haka sai ga Nagoggo mahauci, siriri, dogo, da wuƙarsa a kube da dutsen wasawa a hannu. Shi da Sada taubasai ne. Uban Nagoggo wa ne ga Iya Haulatu, mahaifiyar Sada, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba a yi tsiya ba. Duk ranar da ya ga Duna yana wucewa, sai ya bi shi da ido yana lissafa inda tsoka take da inda kitse yake, har Sada ya ɗauki hoge ya jefe shi.

Nagoggo ya leƙa rijiyar ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Bawana, ashe ka gaji da rowa ka kawo mini shi har gida."

Yau Sada bai rama ba. Nagoggo ya dubi fuskarsa, sai ya mai da dutsen wasawar aljihu.

Kowa a wurin ya san abin da ke gaban Sada, ko da ba a faɗa ba. In aka yanka Duna tun yana da rai, nama ya halatta. Garin zai yi watanda, kowane gida ya ɗauki kashi, a haɗa masa abin da zai rage asara, ko maraƙi ne ya samu. Amma huɗar bana ta tafi, don Jatau ba zai ja garma shi kaɗai ba, kuma sabon sa ba ya koyon aiki a damina ɗaya. In kuma aka ce a jira mota, san ya cika kafin wuƙa ta kai wuyansa, ya zama mushe. Ba sa, ba nama, sai dai a tura ƙasa a rufe shi a inda yake.

Tuni wasu suka fara zuwa suna dafa kafaɗarsa. Wannan ya ce ya ɗauki kashi biyu, wancan ya ce a sa shi a ɗaya. Da kyakkyawar niyya suke faɗa, Sada ya sani, amma kowace magana sai ya ji ta kamar ana fiɗar Duna a gabansa.

Iya Haulatu ta iso tana dogara sanda, mayafinta a karkace. 'Yar gidan fawa ce, ta ga jinin shanu tun kafin ta iya ɗaura zane, ba ta da kwana-kwana a irin wannan magana.

"Sada, me kake jira?"

"Iya, an kira mota."

"Mota ta san ranar mutuwarsa? Dabba in ta durƙushe haka, cikinta kumbura yake yi. Kana nan kana kallon hanya za ka ji shiru."

Sada ya sunkuyar da kai. Ya juya wajen Liman, wanda aka shimfiɗa wa buzu a inuwar gawo.

"Allah gafarta Malam, zuwa yaushe ne yanka yake halatta?"

"Muddin ransa yana tare da shi," in ji Liman. "Yana numfashi, yana ƙifta ido, yana kaɗa wutsiya. In waɗannan suka ɗauke, to, an makara."

"Daga nan sama wa zai ga ƙifta ido?" in ji Iya. "Kuma kafin a zura mutum ya kai ƙasa ai an gama."

Ta kalli ɗanta, sannan ta juya ga ɗan wanta.

"Kai, Nagoggo. Sauka ka zauna kusa da shi da wuƙarka. A jira motar. In ka ga zai tafi, ka riga shi."

"Goggo, ni kaɗai kika gani? Ga mai san nan, ƙato guda."

"Shi in ya shiga wa zai fito da shi? Kuma hannunsa ba zai iya ba. Sauka."

Kafin a zura shi, ta sa aka kunna fitilar ƙwai aka ɗaura a igiya aka saukar har ƙasa, kamar yadda masu haƙar rijiya suke yi, don tsohuwar rijiya takan tara muguwar iska. Fitila ta kai ƙasa tana ci, ba ta ko yi rawa ba. Nagoggo ya tuɓe riga, ya ɗaura kube a ƙugu, aka ɗaura masa igiya a hammata. Yana sauka yana faɗa wa Sada cewa in ya mutu a ciki, ya bar masa wasiyyar matansa biyu da cin abincinsu.

Da ƙafarsa ta taɓa laka ya nutse har gwiwa. Wurin tsayawa babu, sai ɗan tsakanin kan san da bango. Ya raɓa ya zauna a kan wani guntun itace, ya ga ba yadda zai kai wuƙa ga maƙogwaro matuƙar kan yana lanƙwashe haka. Sai ya kama ƙaho ɗaya, ya tallabo haɓar da ɗaya hannun, ya yi ta lallaɓawa har ya juyo da kan ya ɗora a cinyarsa. Ya sa yatsa ya kwashe lakar da ta toshe hancin. Duna ya ja wani dogon numfashi, har waɗanda ke sama suka ji.

"Yaya?" in ji Sada.

"Nauyin kai kamar na mai shi. A miƙo mini ruwa a guga."

Haka aka zauna. Rana ta yi sama. Daga bakin rijiya ba a ganin idon Duna, bayan Nagoggo ya tare, amma ana ganin wutsiya, tana kwance a kan laka can gefe. Jifa-jifa sai ta ɗaga ta bugi laka ta koma. Garin duk ya koma kallon wutsiya. In ta motsa, sai na gaba su faɗa wa na baya, magana ta bi har wurin matan da suka tsaya a jikin dangar garka. Wasu matan kuwa sun riga sun koma gida sun ɗora tukwane, ana jin dakan yaji daga unguwa, don in watanda ta tabbata kada nama ya zo ya tarar ba a shirya ba.

Sada bai ɗaga daga inda yake ba. Lami ta aiko masa da fura, ya sa aka zura wa Nagoggo. Can ƙasa yana jin muryar taubashinsa ƙasa-ƙasa, ya kasa kunne, sai ya gane ba da shi yake ba. Da Duna yake hira. Yana ba shi labarin wani bajimin Azbin da ya taɓa kubce masa a mayanka ya bi shi har cikin masallaci, yana yi yana sosa masa gindin kunne.

Aka kira azahar. Mutane suka yi salla kashi-kashi a gindin gawo don kada a bar bakin rijiya ba kowa. Harisu ya sake hawa tudu, ya dawo ya ce mota ta baro kwalta.

Da Sada ya sallame ya koma ya leƙa, wutsiya tana kwance. Ya jira. Ƙuda ya sauka a kanta, ya yi tafiyarsa a kai, ba ta motsa ba. Ya ƙara jira har idonsa ya fara ruwa. Na kusa da shi suka yi tsit, shirun ya bi baya har wurin mata.

Sada ya sake duban wutsiyar. Ya tuna ranar da ya fara ɗora wa Duna karkiya, yadda ya tsaya cak yana kallonsa kamar yana tambaya me ya yi. Ya share fuska da hannun riga.

"Nagoggo."

"Ina ji."

"Yanka."

Nagoggo bai ko taɓa kube ba.

"Nagoggo, na ce ka yanka. Na yafe."

"Wa ke ganin idonsa, ni ko kai?"

"Wutsiya ta daina."

"Ta gaji ne. Kai tun safe kake kwance a nan, ka kaɗa taka mu gani."

Wani ya yi dariya ya kama bakinsa. Iya Haulatu ta matso da sandarta har bakin ramin.

"Kai ɗan nan, ba wasa na aike ka ba. Kada ka bar mini shi ya zama mushe."

"Goggo, hannuna yana kan jijiyar wuyansa. Wallahi in ta yi rauni ba zan jira kowa ba. Amma yanzu da saura. In na yi kuskure, a wuyana."

"Tun yaushe mahauci ya fara jin tausayin sa?"

"Ba tausayi ba ne. Ya rame ne, ina so ya ƙara ƙiba."

Iya ta yi tsaki, amma ba ta ƙara cewa a yanka ba. Nagoggo ya ɗaga kai ya ce a kawo Jatau bakin rijiya. Tun safe an ɗaure shi can jikin wata bishiyar bedi, yana ta zagaye yana tonon ƙasa, ya ƙi ko kallon harawa. Sada ya je ya kwanto shi, ya riƙe igiyar hancinsa gam, ya matso da shi daidai inda ƙasa take da ƙarfi. Jatau ya miƙa wuya ya shinshina iskar ramin, sai ya saki kuka mai tsawo.

Daga ƙasa aka ji amsa, gajera, a shaƙe. Wutsiya ta ɗaga ta bugi laka har ta fantsama a bayan Nagoggo.

"Ka gani?" in ji shi. "Ga ladan da na samu."

Dariyar ba ta gama lafawa ba aka jiyo jiniya daga wajen rafi.

Motar ba ta iya ƙetarewa ba, ruwa ya ci gaɓar. Ta tsaya a wancan hayi, ja, tana walƙiya. Matasa suka ruga da amalanken jaki, suka yi ta fiton kaya a ka zuwa wannan gaɓa: igiyoyi masu kauri, tsofaffin mesar ruwa a naɗe, da wani ƙarfe mai gare da ake zarga igiya a kai, wanda suke kira kura. Ma'aikatan suka naɗe wando suka ratso ruwa da hulunan kwano a hannu. Babbansu, Oga Suhaibu, gajere ne mai furfura a gemu. Ya gai da Maigari da Liman, ya leƙa rijiya, ya ga mutum zaune da kan sa a cinya.

"Wa ya sa mutum a ciki?"

"Ni," in ji Iya Haulatu. "Sai da na sa aka zura fitila."

"To, Iya, kin yi rabin aikin. Amma gaba a jira mu, bangon nan yana iya ruftawa." Ya sake leƙawa. "Malam, kai ne mai shi?"

"A'a, ranka ya daɗe, ni ne mai yanka shi."

Oga Suhaibu ya dubi mutane, ya ga duk suna dariya, shi ma ya yi. Ya ce shi mutumin Dutsi ne, a cikin shanu ya tashi, ya san sa ba a ɗaga shi ta ƙaho, sai ta ƙirji da mara. Ya tambaya ko akwai azara masu ƙwari a garin. Maigari yana gina sabon zaure, azarorin giginya suna jingine a ƙofar gidansa, ya ce a kwaso duka. Aka zaɓi uku, aka haɗa kawunansu a sama aka ɗaure tamau, aka kafa ƙafafunsu nesa da bakin ramin, aka rataya kura a tsakiya.

Oga Suhaibu da kansa ya sauka. Shi da Nagoggo suka yi ta tonon laka da hannu a ƙarƙashin san, ana janye ta da guga, har suka sami hanyar zura mesa ɗaya a bayan ƙafafun gaba, ɗaya a gaban na baya. Mesa tana da faɗi, ba za ta yanke fata ba kamar igiya. A nan ne suka gano abin da ya hana Duna motsi tun safe. Ɗaya daga cikin itacen da aka rufe rijiyar da shi ya faɗo tare da shi, ya gitta a kan ƙafarsa ta baya, ya cije a bango. Zarto ba zai shiga wurin ba.

Sada yana kallo daga sama ya ga Nagoggo ya zaro wuƙa. Wuƙar nan ta gado ce, ko matansa ba ya bari su taɓa, kullum da asuba sai ya wasa ta. Ya duƙa ya fara sassaƙar itacen da ita, kaɗan-kaɗan, yana ɓamɓaro shi, har ya yi siriri, Oga Suhaibu ya sa takalmi ya taka ya karye.

Aka fara fito da mutanen biyu. Nagoggo ya fito baƙi ƙirin da laka, ƙafafunsa sun yi tsami, ya kasa tsayawa, sai da aka zaunar da shi a buzun Liman.

Aka miƙe igiyar kura ta bi hanyar gona, maza suka jeru a kanta, tsofaffi da samari, har Maigari ya cire rawani ya kama. Ma'aikata biyu suka tsaya a bakin rijiya da wata igiyar da za su riƙa saita kan san. Oga Suhaibu ya ɗaga hannu, aka ja. Azara ta yi ƙara, igiya ta miƙe kamar tsirkiya, laka ta riƙe abinta. Aka sake, ƙafafun mutane suna zamewa a jiƙaƙƙen rairayi. Mata suka bar danga suka zo suka kama wutsiyar igiyar, Lami a gaba. Duna ya ɗan ɗago, ya koma.

"Saura ƙiris," in ji Oga Suhaibu. "In ya rabu da lakar, sauran mai sauƙi ne. Ba wani abin ja a garin nan?"

Sada ya dubi Jatau. Ya je ya ɗauko karkiyar da ya yar tun safe, ya ɗora masa a dama, aka ƙulla ƙarshen igiya a tsakiyarta. Ya yi masa tsawa irin ta gona. Jatau ya taka ɗaya, karkiya ta karkace ta faɗi ta hagu, ya tsaya ya juya kai yana neman ɗan'uwansa. Aka kawo san wani maƙwabci, Jatau ya kai masa ƙaho, dole aka janye shi.

Sada ya koma wurin Jatau. Ya tuɓe riga ya naɗe ta a kafaɗa, ya shiga hagu, ya ɗaga karkiya ya ɗora a wuyansa, ya dafa doron Jatau da hannu ɗaya.

"Mu je, Jatau."

Jatau ya ji nauyi ya daidaita, ya sunkuyar da kai ya tura ƙafa a ƙasa. Sada ya ji itacen yana nutsewa a kafaɗarsa, idonsa ya yi duhu, bai ga komai ba sai rairayin da ke gabansa. A bayansa mutane suna salati suna ja. Can sai ya ji wata ƙara kamar an zare ƙafa daga cikin kwatami, igiya ta yi sauƙi, suka tafi gaba taku bayan taku har aka ce a tsaya.

Da ya waiwaya, Duna yana lilo a ƙarƙashin azara, laka tana zuba daga jikinsa. Ma'aikata suka jawo shi gefe, aka sassauta a hankali har ya kwanta a kan ciyawa.

Bai tashi ba. Mata suka kawo ruwa a bokitai aka wanke shi, ma'aikata suka kama ƙafafunsa suna murzawa da buhu. Nagoggo ya rarrafo, ya bi kowace ƙafa da yatsu tun daga kofato har cinya, ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya.

"Ba karaya," in ji shi. "Na san inda kowane ƙashi yake, duk suna nan."

Sada ya durƙusa ya miƙa wa Duna kanwa a tafin hannu. Ya lasa. Jatau, da aka cire masa karkiya, ya zo ya fara lasar wuyan ɗan'uwansa. Duna ya yi nishi, ya tattaro ƙafafun baya ya ɗaga gindi, ya daɗe a haka yana rawa, sannan ya miƙe na gaba. Ya tsaya. Ya kaɗa wutsiya ya kori ƙuda.

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa. Iya Haulatu ta juya baya tana gyara mayafi, ta ce rana ce ta shigar mata ido.

Sai aka tuna da tukwanen da ke kan wuta. An daka yaji, an yanka albasa, ruwa ya tafasa a gida ya fi goma, ga kuma naman yana tsaye yana cin harawa. Lami ta ce baƙi ba za su ƙetare rafi da yunwa ba. Ta sa aka kamo zakarunta, maƙwabta suka ƙara da nasu, Maigari ya ba da bunsuru. Aka kawo wa Nagoggo, ya zaro wuƙarsa ya gwada a babban yatsa, ya ga bakinta ya zama kamar na zarto. Dole ya aika a aro masa ta Lami, wadda take yanka kuɓewa da ita. Wannan labari har yau ba a daina ba shi a mahauta ba.

Kafin abinci ya nuna, Oga Suhaibu ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada su tafi su bar ramin nan a buɗe, gobe yaro ne zai bi ciyawa. Nan take aka yi gayya. Amalanke yana kawo ƙasa, samari suna turawa, har aka cike ta aka daddaɓe. Ma'aikata suka ci tuwo da mutanen gari a gindin gawo bayan la'asar, aka raka su har bakin rafi, aka cusa musu ƙwaryar fura a mota suna a'a ana ƙarawa.

Duna ya huta 'yan kwanaki yana ɗingishi, Sada yana gasa masa ƙafa da ruwan ɗumi, kafaɗarsa shi ma Lami tana gasa masa. Ranar da ya ga san ya daina ɗingishi, ya ɗora musu karkiya, bai nufi gonarsa ba, bai nufi ta waɗanda suka riga yin magana ba. Gonar Nagoggo ya fara shiga.

Yana cikin kunya ta biyu sai ga mai gonar, da ƙullin kanwa a hannu. Ya bi gefen Duna yana tafiya daidai da shi.

"Bawana, ka dace da aiki. Da ka bar san ya huta ka shiga hagun da kanka, ai na ga ka iya."

"Matsa mini, kada ka sa masa ido."

Suka kai ƙarshen kunya, Sada ya juya garma. Nagoggo ya tsaya ya ba Duna kanwa, yana sosa masa gindin kunne.

"Sada."

"Na'am."

"Ran da ya tsufa, ka kai shi Mai'aduwa. Kada ka kawo mini."

"To."

Sada ya yi wa shanun magana, suka ɗauki sabuwar kunya, Jatau a dama, Duna a hagu, ƙasa tana buɗewa baƙa a bayansu.